Saƙon da Rariya Ta Zubar

Ranar Lahadi

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata autarta ta ce ta rage hawa da saukan benen nan.

Na san za ki ce ga waya a hannuna amma sai na ɓata takarda. Ki bar ni da halina. A waya ba kya bari in kai ƙarshen zance.

Albishir tukuna: wata biyu ke nan ban ga baƙona ba, kuma likita ta tabbatar. Ki gaya wa Inna ita kaɗai.

Kin tuna ranar da Baba ya tambayi maigidana sana'arsa, ya ce kai saƙo, har kuka laƙaba masa Masinja? To sai yanzu na gane aikin. Kamfaninsu na da wata babbar manhaja da ke zaune a tsakanin asibitoci da ɗakunan gwajin jini. Kowace na'ura da irin yarenta, ita kuma manhajar tana karɓar saƙo daga wannan, ta juya shi yadda waccan za ta gane, ta ɗora shi a hanya. A kowace mararraba akwai ɗan gajeren umarni da suke rubutawa da wani sassauƙan yaren kwamfuta. Shi ke leƙa cikin saƙo ya ce bi nan, ko bi can, ko a zubar da kai. Babban gyara sai mutum biyu sun duba, a yi mako biyu ana jira. Amma waɗannan ƙananan, mutum ɗaya ke rubutawa ya saka nan take, ba a ma tsayar da komai. Shi ya sa Manajansu ke son su kamar me.

Ni kuwa da na ji haka sai na ga mijina kamar jaruman littattafaina, yana tsaye a mararraba yana raba wa mutane labarin rayuwarsu ba su san shi ba. Da na faɗa masa sai da ya ƙware da shayi.

Jiya ma na ga aikin da idona. Ya yi mini alkawarin kai ni shagon littattafai, don kashi na uku na wanda nake bi ya fito. Na shirya ke nan Manaja ya kira. Wai na'urar ɗakin gwaji tana turo sakamako ɗaya sau biyu ko uku in layi ya yi rawa, likitoci sun gaji, a yi mata rariya. Ya zauna a teburin cin abinci ya rubuta: in saƙo biyu suka zo da lambar fayil ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, gwaji ɗaya, cikin awa ɗaya, na biyun maimaici ne, a zubar. Ina tsaye a kansa da mayafi da jaka, na ƙirga, layi goma sha ɗaya ne kacal. Ya gwada da tsofaffin saƙonni ɗari biyu, komai daidai. Ya ce in ba shi awa ɗaya ya ƙara tunani. Na ce shago ƙarfe huɗu yake rufewa, in ya fi son kwamfutarsa ya aure ta. Ya yi dariya, ya danna, muka fita.

Littafin ya yi daɗi, Yaya. Jarumar ta gane ashe ba masoyinta ne ya ci amanarta ba. Zan aiko miki.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Taki har kullum,
Auta

Ranar Alhamis

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya, Inna ma da sauƙi. Na ga kiranki har sau huɗu. Ki yi haƙuri, ba zan iya faɗin wannan da baki ba. In kin karanta ki ɓoye takardar.

Wata mata ta haifi tagwaye maza a babban asibitin da kamfanin su Masinja ke yi wa aiki. Kwana biyu da haihuwa aka ga idanunsu sun ɗan yi ɗorawa, aka ɗebi jininsu a duba shawara. Sakamako ya fito a allon ɗakin jarirai da sunan uwar, babu matsala. Nas ɗin da ke aiki ranar ta gani, aka sallame su. Bayan kwana huɗu aka dawo da ƙaramin yana sanƙarewa, kukansa siriri kamar na kyanwa. Shawarar ta hau masa kai. Ya rayu, amma likitoci sun ce da wuya ya ji magana, kuma ba su san ko zai zauna da kansa ba.

Da aka bincika, ɗakin gwaji suka nuna sun tura sakamako biyu, na ƙaramin ma da alamar gaggawa. Da an gani, da an sa shi ƙarƙashin fitilar da ake sa wa jarirai, shi ke nan. Asibiti suka tambayi kamfani, Manaja ya amsa tun kafin ya duba, wai hanyarsu ba ta taɓa yar da saƙo ba. Sai aka ce to nas ce ta buɗe na biyun ta rufe ba ta karanta ba. An dakatar da ita.

Shekaranjiya da azahar na ji mukulli a ƙofa. Masinja bai taɓa dawowa a wannan lokacin ba. Ya shigo bai cire takalmi ba, ya zauna a teburin nan, ya buɗe kwamfuta ya ce in zo in gani. Ya nemo saƙonnin tagwayen daga ɗakin gwaji, ya zuba su a manhajar gwajinsu. Biyu suka shiga, Yaya. Ɗaya ya fito. Ya sake, ya sake. Biyu, ɗaya.

Ashe jariri sabuwar haihuwa ba shi da fayil nasa, da lambar uwarsa ake rubuta shi. Tagwaye kuwa uwa ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, gwaji ɗaya, mintoci uku tsakani. Rariyarsa ta ga na ƙaramin ta ce maimaici ne. A cikin ɗari biyun da ya gwada da su babu tagwaye ko ɗaya. Kuma abin da aka zubar ba ya barin sawu, don tun farko Manaja ya ce kada a cika masa ma'ajiya da shara.

Ya ce ya riga ya gaya wa Manaja su biyu a ofis. Manaja ya rufe ƙofa ya ce masa, “Ka gyara yau, ka yi shiru. Ƙananan nan ba su da tarihi, in ka rubuta sabo a kai tsohon ya tafi. Wa ka kashe? Yaron yana numfashi.”

Gyara dai dole ne, don kada a sake. Abin da ya zo tambayata shi ne, ya adana tsohon umarnin da rahoto ya kai wa kwamitin asibiti, ko ya bar shi ya tafi.

Yaya, shekara nawa ina karanta matan da ke cewa mijinsu ya tsaya kan gaskiya ko duniya za ta tashi? Har kuka nake yi in na zo wurin. Ina ganin ni ce su. Amma da ya ɗago ido ya dube ni, sai na ji hannuna ya kai kan cikina. Na ce za su kore ka, za su kai ka kotu, sunanka zai shiga bakin duniya. Na ce nas ɗin ai ita ma ya kamata ta lura jini biyu aka ɗiba. Na ce dakatarwa ce kawai, za su mayar da ita. Na durƙusa na riƙe gwiwarsa, na ce ya dubi abin da ke cikina. Ya tambaye ni ko ya ajiye kwafi a gida kawai, ba don kowa ba. Na ce kada ya ajiye komai a gidan nan.

Ya ƙara layi biyu a kan tsohon umarnin, ya danna. Bai kai minti biyar ba. Daga nan ya shiga banɗaki, na ji ruwa yana zuba har na gaji da saurare.

Kada ki yi mini faɗa yanzu. Ki yi mana addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Ranar Talata

Yayata,

Barka da war haka. Yaya gida, yaya yara da makaranta? Na gode da man shafawar, ya rage mini ƙaiƙayin. Amsarki ta iso. Layi uku kika rubuta, kuma na gane abin da ba ki rubuta ba.

Wata guda ke nan. Ba wanda ya zo, ba wanda ya kira. Manaja ma har yabon Masinja ya yi a taron ofis, wai tun da aka sa rariyarsa likitoci sun huta. Aka tafa masa. Ya dawo ya ba ni labari yana murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba, ya ce in taya shi murna mana, ba abin da nake so ke nan ba?

Ba ya faɗa, ba ya zagi. Yana ci, yana gode mini kamar baƙo. Amma ya daina zama a teburin, a tsaye yake cin abinci a kicin. A wurin aiki kuma abokin zamansa Dogo ya ce ya zama abin tsokana. Umarni mai layi uku sai ya kwana biyu a kansa, yana bin mutane su duba masa, har suna ce masa Liman. Ni kuma littafin da na fara tun wancan watan yana nan a shafi na arba'in. In na buɗe sai in ji kamar matar ciki tana kallona.

Jiya na je awo. Kin san a asibitin nan nake zuwa. Muna zaune a dogon benci, matan da ke kusa da ni suna hira, sai ɗaya ta ce ai an gama da nas ɗin nan, korar ta aka yi gaba ɗaya, kuma an kai sunanta hukumarsu don a karɓe takardar aikinta. Shekara goma sha tara tana ɗakin jarirai. Wata ta ce Allah ya ƙara, irinsu sai latsa waya. Wata dattijuwa mai shara ta tsaya da tsintsiyarta ta ce, “Ku ji tsoron Allah. Matar nan ko abinci ba ta ci sai ta zagaya gadajen nan sau biyu.” Ba wanda ya kula ta.

Ina fitowa na bi ta gaban ɗakin gwajin ji. A nan na ga tagwayen. Ba sai an gaya mini ba. Uwar tasu yarinya ce, ba za ta girme ni ba, tana riƙe da ɗaya, wata mai kama da ita tana riƙe da ɗayan, kayan jariran iri ɗaya. Sai iska ta bugo wata ƙofar ƙarfe da ƙarfi, har ni na zabura. Na hannun 'yar'uwar ya firgita ya tsala kuka. Na hannun uwar ko ƙifta ido bai yi ba. Yana kallon sama abinsa. Uwar ta dube shi, ta dubi ƙofar, ta ce a hankali, “Allah ya isa tsakanina da matar nan.”

Yaya, nas ɗin take nufi, amma mai laifin ba ita ba ce. Ina tsaye taku uku daga gare ta da katin awona a hannu.

Ban san yadda na iso gida ba. Da Masinja ya dawo na tare shi tun a bakin ƙofa na ce ya je ya faɗa. Ya dube ni ya ce, “Wane littafin kika karanta yau?” Na ce ba littafi ba ne, na ga yaron. Na ba shi labarin ƙofar. Ya zauna a ƙasa nan cikin takalman baƙi, ya rufe fuska. Da ya buɗe sai ya ce na san dai abin da zai nuna musu babu shi yanzu? Na ce na sani, ni na ce a share.

Yau da safe ya sa farar rigarsa ya fita. Ina jiran sa. Na kasa zama, shi ya sa na ɗauki biro.

Ki gaishe da Inna, kada ki gaya mata komai tukuna.

Auta

Ranar Asabar

Yaya abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk mutanen gida. Ni da abin cikina lafiya, ya fara motsi sosai. Ki yafe mini shirun mako uku.

Ya faɗa, Yaya, amma ba a karɓa ba.

Kwamitin asibiti sun saurare shi, suka kira Manaja. Manaja ya zo da Dogo, aka buɗe manhajar a gaban kowa. Ga rariya nan tsaf, da layin da ke cewa in jarirai ne kada a zubar da komai. Aka zuba saƙonnin tagwayen, biyu suka shiga, biyu suka fito. Masinja ya ce ai daga baya ya ƙara wannan. Suka ce ina shaida? Ya ce zai iya rubuta tsohon daga kansa. Shugaban kwamitin ya ce kowa ma zai iya rubuta abin da ya ga dama daga kansa. Aka tambayi Dogo, ya ce shi bai taɓa ganin tsohon ba, kuma gaskiya ya faɗa, tunda ba mai duba ƙananan. Manaja ya dafa kafaɗar mijina ya ce yaron kirki ne, aiki ne ya yi masa yawa, ga matarsa da juna biyu, tausayi ya sa yake ɗora wa kansa laifi. Aka gode masa, aka ce an rufe magana. Har hutun mako guda aka ba shi.

A littattafaina in mutum ya faɗi gaskiya ɗaki yakan yi tsit. Shi ya ce ana cikin maganarsa wani yana bare alewa.

Ni ce na koma wurin dattijuwar mai shara na roƙi kwatancen gidan nas ɗin. Ranar Laraba da la'asar muka je. Hawa na biyu ne a wani tsohon gini, matakalar duk warin fenti. Ita ta buɗe mana. Doguwa ce, ta fara furfura, da tabarau a rataye a wuya. A bayan ƙofar na hango farar rigar aikinta a goge, cikin leda.

Ta ɗauka masu neman haya ne. Da Masinja ya faɗi inda yake aiki sai ta ce mu zauna, ita ta tsaya. Ya yi bayani tun daga ranar Asabar ɗin, bai rage komai ba sai nawa. Ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ce, “Wato saƙon bai zo ba?” Ya ce bai zo ba. Ta ce, “Allona bai nuna shi ba? Ko na daƙiƙa ɗaya?” Ya ce ko kusa da allonta bai kai ba, tun a hanya aka zubar. Ta sake tambaya a karo na uku, ya sake amsawa.

Sai ta zauna a hannun kujera. Ta ce mu san wani abu: ta fara tuna ganin saƙon. Tun ana ce mata ta gani tana musu, har ta koma tana ganin sa a ido, da jan layinsa, da yatsanta yana rufe shi. Ta ce har gidan mai tagwayen ta je neman gafara, aka watso mata ruwa daga sama, ta tsaya ya jiƙa ta don tana ganin ta cancanta. Ta ce, “Ɗana, aikin da kuka raba ni da shi daban. Kun sa na daina yarda da idona.”

Masinja ya ce ta faɗi duk abin da take so ya yi. Ta shiga ciki ta fito da takarda da biro, ta ce ya rubuta da hannunsa, da ranar da ya saka, da ranar da ya goge, da wanda ya ce ya goge, ya sa hannu da lambar katin aikinsa. Ya gaya mata ya sa hannu a kamfani cewa ba zai fitar da sirrin aiki ba, wannan takardar ita ce korarsa. Ta ce ta sani. Ya rubuta. Shafi biyu.

Da ya ajiye biron na ɗauka. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Ke kuma fa, amarya?” Na ce akwai abin da ya tsallake. Na rubuta a ƙasa cewa ya so ya adana tsohon ya kai, ni matarsa na durƙusa na hana shi, kuma na san an dakatar da wata a lokacin. Na sa hannu na miƙa mata. Ta karanta, ta dubi cikina, ta tambaye ni wata nawa. Na ce biyar da 'yan kwanaki. Ta ce in na haihu kada in bar asibiti sai na ga sakamakon da idona, a takarda.

Na ce ta yafe mana. Ta ce, “Ban ce ba tukuna. Ku bari in fara samun barci.”

Masinja ya ce zai raka ta wurin kwamiti ko ƙungiyarsu ta ma'aikatan jinya duk ranar da ta shirya. Tana ninke takardar ta ce kwamiti su jira. Akwai wadda za ta fara karantawa, ko da za a sake watso ruwa.

Ban san yadda suka yi da mai tagwayen ba. Na dai san takardar ta kai ƙungiyarsu, domin jiya da safe katin Masinja ya ƙi buɗe ƙofar ofis, mai gadi ya miƙo masa kayansa a kwali. Ko za a mayar da ita aiki, ba wanda ya ce. Yaron kuwa ba abin da zai canza masa.

Yanzu ki gaya wa Inna, kafin ta ji a bakin wasu. Na san ki, za ki so ki gyara mini labarin, ki ce kuskuren mijina ne da na kamfani. Kada ki yi. Ki faɗa mata duka, har da durƙuson.

Allah ya bar zumunci, ya ba Inna lafiya.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta